Yadda Dawa Ta Gaji Sha'ir: Labarin Dokar 1988



Kafin wani ya ɗaga gira, bari mu faɗa tun daga bakin ƙofa: za a ambaci giya a rubutun nan, har sau da yawa ma. Ba tallarta muka zo yi ba, ba kuma koyar da dafa ta ba, hukuncinta a wurinmu ba ɓoyayye ba ne. Labarin dawa muka kawo. Sai dai hanyar da dawa ta bi ta shiga masana'antun ƙasar nan ta ratsa ta tsakiyar kamfanonin giya ne, mai rubuta tarihi kuwa ba ya gusar da hanya daga inda take don ba ta yi masa daɗi ba.

Mu da muka tashi a Ɗorayi, tsakanin Sharaɗa da titin Panshekara mai kai mutum Challawa, mun saba da tirela tun muna wasan ƙasa. Mun san ta fata da warinta, mun san ta lemo da ƙarar kwalabenta. Akwai wani dattijo a majalisar layinmu da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota. Wata rana ana hirar tsadar hatsi sai ya ce mana shi a farkon tuƙinsa wake da albasa da shanu ya sani ana kaiwa kudu, dawa kuwa sai jefi-jefi. A zamanin Babangida ne kwatsam lodin dawa ya ɓarke daga Dawanau, mota bayan mota, kuma ba kasuwa ake sauke ta ba, cikin harabar kamfani ake shiga da ita a auna a kan sikeli. Ya ce ya daɗe yana zaton koko mutanen Legas suka koma sha gadan-gadan. Wannan maganar tasa ce ta sa muka bi sawu.

Dawa da giya dai ba a 1988 suka fara haɗuwa ba. Tarihin Kano da Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, a inda yake lissafa manyan mutanen zamanin Barbushe a gindin Dala, ya kawo maƙeri da mai magani da mai gadin gari, ya kuma kawo wani mai suna Bugazau a matsayin mai dafa giya. Burukutu da fito duk da dawa ake yin su, kuma Maguzawa da ƙabilu da dama na tsakiyar Najeriya sun riƙe sana'ar, galibi a hannun mata. Musulunci ya tura ta gefe, jihadin ƙarni na 19 ya ƙara tura ta. Da Turawa suka zo, yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba su hujjar hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a Arewa, Lugga kuwa ya ɗabbaƙa hakan. Shi ya sa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, giyar kwalba ta zama abin Sabon Gari da kulob ɗin Turawa.

Giyar kwalba kuwa da sha'ir ake yin ta. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe reshe a Aba a 1957, ya zo Kaduna a 1963. Kamfanin Guinness ya gina masana'antarsa a Ikeja a 1962, ita ce ta farko da ya taɓa ginawa a wajen Ayaland da Birtaniya. A nan Kano ma an yi kamfanin North Brewery, wanda yanzu ya zama tarihi. Dukkansu abu ɗaya ya haɗa su: tsiron sha'ir. Wato a jiƙa sha'ir, a bar shi ya fara tsiro, a busar da shi da zafi. Ƙasarmu ba ƙasar sha'ir ba ce, sanyi yake so, saboda haka kusan kowace ƙwaya daga Turai ake kawo ta a jirgin ruwa, a biya da kuɗin waje. Ruwa da kwalba da ƙarfin lebura ne namu.

Bari mu ɗan leƙa Turai, don akwai abin dariya a can. Baƙar giyar nan da ake kira sitawut, wadda masu ita ke tutiya da cewa tun 1759 da Arthur Guinness ya karɓi hayar wata masana'anta a Dublin ake yin ta yadda aka gada, ita kanta rayuwarta kaf musanye ce. A Landan ta ƙarni na 18 da tsiron sha'ir mai ruwan ƙasa ake dafa kakarta. Da haraji a kan tsiro ya yi nauyi saboda yaƙe-yaƙe da Faransa, masu sana'ar kuma suka samu ma'aunin da ke nuna yawan sukarin da ke cikin ruwa, sai suka gane farin tsiro ya fi ba da riba. Suka koma masa, suna baƙanta ruwan da ƙonannen sukari, har hukuma ta hana. A 1817 wani mai suna Daniel Wheeler ya yi rajistar wata ganga mai juyawa da ke gasa tsiro har ya yi baƙi kamar gahawa, kaɗan daga cikinsa ya isa ya rina tukunya guda. A 1880 aka ɗauke harajin daga kan tsiro aka mayar da shi kan giyar kanta, sai ƙofa ta buɗe wa masara da shinkafa da sha'ir ɗin da ba a tsirar ba. Kowane sauyi daga cikin waɗannan, aljihu da takardar hukuma ne suka kawo shi, ɗanɗano daga baya ya biyo. Idan muka riƙe wannan, abin da ya faru a Najeriya ba zai zo mana da mamaki ba.

A shekarun 1970 kuɗin fetur ya yi ambaliya, kowace jiha tana son a ce tana da kamfani, da yawa daga cikinsu kuwa na giya suka kafa. Kafin tsakiyar shekarun 1980 masana'antun giya a ƙasar nan sun kai wajen talatin, kowacce bakinta a buɗe tana jiran jirgi. Sai farashin mai ya karye. Gangar da ta haura dala 30 a 1980 ta faɗo ƙasa da dala 15 a 1986. Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu a 1982, Buhari ya zo da layin kayan masarufi da tsananta lasisin shigo da kaya, Babangida ya zo da SAP a 1986. Naira da a 1980 ta fi dala daraja, a 1987 sai an ba da wajen huɗu kafin a samu dala ɗaya. Gwamnati ta bi kayan abinci ɗaya bayan ɗaya tana rufe musu ƙofa: shinkafa da masara a 1985, alkama daga Janairun 1987, sha'ir da tsironsa daga Janairun 1988.

An ba kamfanoni wa'adi tun kafin ranar, amma da yawansu sun ɗauka barazana ce irin ta gwamnati, za a janye. Ba a janye ba. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, sai ido ya koma kan hatsin da ke cike da rumbunan Arewa.

A nan ne labarin ya fi daɗi, don dawa ba ta miƙa wuya da sauƙi ba. Waɗanda suka taɓa zama ajin kimiyyar abinci a kwalejin fasaha za su tuna wannan darasi, sauran kuma su yi haƙuri da mu na ɗan lokaci, abin ba shi da wuya.

Ƙwayar hatsi rumbun sitaci ce. Yis ba ya iya cin sitaci, sai an farfasa masa shi ya koma sukari. Idan ƙwaya ta fara tsiro takan samar da wasu sinadarai, masana na ce musu inzayim, waɗanda aikinsu ke nan, su yanyanka sitaci ya zama sukari don ɗan tsiron ya samu abinci. Amma ba sa iya kama sitacin da kyau sai ya dahu ya kumbura. Sha'ir Allah Ya yi masa dace: sitacinsa na kumbura da zafin da bai wuce digiri 60 da 'yan kai ba, daidai zafin da sinadaran ke jin daɗin aiki. Tukunya ɗaya, zafi ɗaya, an gama. Dawa kuwa sitacinta na da taurin kai, sai zafi ya kai digiri 70 ko ya haura yake sakin jiki, kafin nan kuwa zafin ya kashe mafi muhimmancin sinadaran, wanda dama can bai da yawa a tsiron dawa. Ka rage wuta sitaci ya ƙi dahuwa, ka ƙara wuta ma'aikatan su mutu.

Matsala ta biyu ɓawo ce. Sha'ir na riƙe da rigarsa har bayan sussuka, kuma wannan ɓawon ne ke kwanciya a gindin tukunya ya zama rariya, ruwa ya tsiyaye ta cikinsa tas. Dawa da an casa ta an sheƙe tsirara take fitowa. Da aka zuba ta a injinan da aka ƙera don sha'ir, sai ta cuɗe ta zama kamar talge, ta toshe mataci, aikin awa biyu ya koma na yini. Ta uku, tsirar da dawa na son ɗumi da danshi, abin da fumfuna ma ke so ke nan. Ta huɗu kuwa kowane makiyayi ya san ta tun kafin a rubuta ta a littafi: ɗanyen tsiron dawa na ɗauke da guba, shi ya sa ba a barin dabba ta faɗa wa gyauro. Dole a karkaɗe saiwa da tohon tsaf kafin a yi amfani da ƙwayar.

To, yaya aka yi? Ku tuna yadda iyayenmu mata ke kunun zaƙi. Sukan raba ƙullun gida biyu. Kaso mai yawa a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya dahu ya yi kauri. Ƙaramin kason a bar shi ɗanye, a haɗa shi da niƙaƙƙen dankalin Hausa, wasu kuma tsiron shinkafa ko na dawa suke sawa. Sai dafaffen ya sha iska sannan a juye ɗanyen a ciki, a rufe a bar shi ya kwana. Da safe kaurin nan ya tsinke, zaƙi ya fito tun kafin a sa sukari. Tambayi kowace mai kunu me ya sa ba ta zuba ɗanyen da zafinsa, za ta ce maka kunun ba zai tsinke ba. Abin da ta yi shi ne ta dafa sitaci a gefe, ta ajiye sinadaran a gefe don kada wuta ta kashe su, sannan ta haɗa su a lokacin da ya dace. Masu burukutu ma haka suke: su bar ƙullun ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye, su dafa na ƙasa, su mayar da ruwan daga baya.

Wannan dabarar ce masu bincike suka ɗauka suka auna ta da ma'auni suka ba ta suna a mujallun kimiyya. Cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi ta yi aiki a kan tsiron dawa tun kafin dokar. Farfesa Geoff Palmer na Jami'ar Heriot-Watt da ke Sikotland, haifaffen Jamaika kuma baƙar fata na farko da ya zama farfesa a can, ya zo Najeriya a kan wannan batu, ya kuma horar da ɗalibai 'yan Najeriya da suka yi digirinsu a kan dawa. Mu dai abin da ya tsaya mana a rai shi ne, ilimin na nan a madafin gidajenmu shekaru aru-aru, ba wanda ya kira shi ilimi sai da ya je Edinbara ya dawo.

Amma fa kada mu yi saurin tafi. Manyan kamfanonin ba su tsaya jiran tsiron dawa ba, hanya mafi sauƙi suka bi. Suka riƙa niƙa ɗanyar dawa da tsakin masara, su dafa, su zuba sinadaran da aka haɗa a masana'antun Turai su yi aikin da tsiro ya kamata ya yi. Sinadaran nan kuwa ba a hana shigo da su ba. Suka sayo sababbin injinan niƙa da na tacewa, su ma daga waje, da dala. Furen hop mai kawo ɗaci dama ba ya fita a nan. Ita kuwa Guinness, sirrin baƙin da ƙamshinta wani tataccen ruwa ne mai kauri da ake haɗawa a Ayaland a aiko, a gauraya da abin da aka dafa a nan. Ta wani fannin dai tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ta wani fannin kuma dole a yi adalci: abin da ya fi nauyi da yawa a tukunyar, wato hatsin, ya dawo na gida, kuɗinsa kuma ya fara shiga aljihun manomin Arewa.

Waɗanda suka ji jiki su ne ƙananan kamfanoni, musamman na gwamnatocin jihohi. Ba su da dalar sauya injina, ba su da uwa a Turai da za ta aiko da masana, ga jama'a talauci ya sa sun rage saye. Cikin shekaru kaɗan da yawansu suka rufe, manyan biyun suka haɗiye kasuwa. Dokar da aka yi don a dogara da kai, a wannan fagen, masu jarin waje ta ƙara wa ƙarfi. Mu da muke wuce kangon masana'antu a Sharaɗa da Bompai kullum, mun san yadda irin wannan rufewar take a ido: ƙofa da kwaɗo, ciyawa ta fi mutum tsayi, mai gadi ɗaya da akuyarsa.

Wani ɗan tsokaci ga junanmu, tunda marubuta ne mu. Sau nawa muka karanta, ko muka rubuta, cewa Alhaji wane "mai kamfanoni ne a gida da waje", har littafi ya ƙare ba a san ko allura kamfanin ke yi ba? Ga manajan da aka ce masa nan da Janairu babu sauran kayan aiki, ga leburan da aka sallama da albashin wata uku, ga dillalin da dawa ta mayar da shi attajiri cikin kaka biyu yana kuma gudun a tambaye shi wa yake saya wa. Duk suna nan a unguwanninmu, wasu da ransu, ana iya zama da su.

Mu koma gona. Ba kowace dawa kamfani ke so ba. Jar dawa mai ɗauri a baki na lalata launi da ɗanɗano, saboda haka farafara da kaura aka fi nema. Matsalar ita ce buhun kasuwa gauraye yake, iri uku ko huɗu a buhu ɗaya, ga tsakuwa ga ƙaiƙayi, inji kuwa abu iri ɗaya yake so kullum. A nan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ta shigo. Tana da wani iri da ta fitar tun kafin wannan rikici, gajeriyar kaura mai lamba SK 5912, sai ga shi ya dace da bukatar masana'anta, ya zama abin nema. Cibiyar ICRISAT ta ƙasa da ƙasa, wadda ke da gonar gwaji a Bagauda, ita ma ta kawo nata irin fari, ICSV 400. Wasu kamfanonin sun gwada buɗe manyan gonaki na kansu, abin bai yi armashi ba, suka dawo ga ƙaramin manomi da ɗan kwangila.

Kasuwar Dawanau kuwa an kafa ta a 1985, shekara uku kacal kafin dokar, kuma a daidai lokacin gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Wato sabon mai saye mai ƙaton aljihu ya iso a lokacin da babu kowa tsakaninsa da manomi sai ɗan kasuwa. Ba mu ce dawar kamfani ce kaɗai ta gina Dawanau ba, wake da gero da masara da riɗi duk suna da nasu kason, ga fataken Nijar da Chadi. Amma ta sauya wa dawa matsayi. Da hatsin tuwo ce da ake nomawa don rumbu, a sayar da ragowa. Yanzu ta zama kayan sito, ana saye da kaka a kimshe a jira kamfani. Najeriya na noma tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara, tana sahun gaba a duniya, kuma mafi yawanta har gobe ciki take tafiya. Kason masana'anta ƙarami ne idan aka kwatanta, sai dai mai sayen tirela ɗari a mako guda yana motsa farashi fiye da girman kasonsa. Manomi ya ji daɗi, magidancin birni mai awo da kwano kuwa shi ya san yadda ya ji.

Yana da kyau a ajiye labarin alkama kusa da wannan, don tare aka haife su amma ƙarshensu ya bambanta. Hausawa sun daɗe suna noman alkama a fadamu da rani, ta alkaki da finkaso da gurasa da taliya. Burodi ne ya zo da yunwar da fadama ba za ta iya ƙosarwa ba, aka koma dogaro da alkamar Amurka, har aka kafa kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills a Bompai a shekarun 1970 don niƙa ta. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun rubuta littafi sukutum a kan wannan tarko a 1985, The Wheat Trap. Da aka hana shigo da ita a 1987, aka zuba kuɗi a Kadawa da ruwan Tiga, da Bakolori, da yankin Tafkin Chadi. An noma, ba a ce ba a noma ba, amma alkama sanyin hunturu take so, namu kuwa gajere ne, wata shekarar ma ya ƙi zuwa. Aka ce masu burodi su gauraya da garin dawa ko masara ko rogo. Burodi kuwa da danƙon alkama yake tashi, dawa ba ta da shi, da an wuce kima sai ya fito kamar bulo. Fulawar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa ta iyakokin Benin da Nijar da Kamaru, a ƙarshen 1992 gwamnati ta sauke dokar. A tukunyar giya sitaci kawai ake nema, kowace ƙwaya kuwa na da shi, in an san yadda za a lallashe ta. A burodi abin da ake nema alkama kaɗai ke da shi. Doka iri ɗaya, gwamnati ɗaya, ɗaya ta kama ɗaya ta suɓuce.

Dokar sha'ir ta fi daɗewa, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka ɗage ta. Sha'ir ya dawo, amma bai tarar da kujerarsa yadda ya bar ta ba. An riga an kashe kuɗi a injina, harshen masu sha kuma ya saba. Baƙar giyar Najeriya, mai ƙarfin kashi 7.5 cikin ɗari a inda ta famfo a Dublin take 4.2, ta zama iri mai zaman kanta, har ana fitar da ita zuwa shagunan 'yan Afirka a Landan. Wajen 2007 aka ba da labarin cewa Najeriya ta wuce Ayaland kanta a cinikin Guinness. Wasu ƙasashen suka kwaikwaya, Yuganda ta fitar da Eagle ta dawa a 2002. Nigerian Breweries ta buɗe masana'antar tsirar da dawa a Aba a 2008, daga baya ta mallaki wata a Kudenda ta Kaduna. A 2024 kuma Diageo ta sayar da kasonta na sama da kashi 58 cikin ɗari na Guinness Nigeria ga Tolaram, wato masu Indomie. Kuma duk lokacin da naira ta sake faɗuwa, kamar bayan 2023, sai ka ji kamfanoni sun sake tuno da dawa.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, tunda Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, Hisba kuma na farfasa kwalabe. Ruwanmu na nan a teburin mai shayi. Tsiron sha'ir ɗin da aka hana ba giya kaɗai ake yi da shi ba. Maltina da ta fito tun 1976, da Malta Guinness ta 1990, da Amstel Malta ta 1994, waɗanda ba a bikin da ba a raba su, daga wannan tsatson suke. Masu Milo da masu Bournvita ma dole ta sa suka koyi tatso zaƙin da suke bukata daga dawa, suka kuma ci gaba da hakan. Yaron da aka haɗa wa shayi mai kauri da safe a Ɗorayi, akwai yiwuwar dawar Bichi ko Dambatta ce ta je Legas ta sauya riga ta dawo masa a gwangwani, da farashin da ya ninka nata sau da yawa.

Sai tambayar da ta fi nauyi, wadda muka san tana ran wasunku tun sakin layi na farko. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hukuncin sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, kuma Malikiyya sun hana. Manomin da ya kai buhu biyar kasuwar ƙauye bai san inda za su ƙare ba. Dillalin farko ma wataƙila bai sani ba. Amma ana hawa sama sanin na ƙaruwa, har a kai ga mai riƙe da takardar kwangila da sunan kamfani a kanta, kamfanin da kuma ke yin lemo da giya a haraba ɗaya, daga sito ɗaya. Fatawa ta malamai ce, ba tamu ba. Abin da muka lura da shi kawai shi ne yadda harshen kasuwa ya samo wa kansa mafita: ba a cewa komai sai "kayan kamfani". Dattijon layinmu ya ce ranar da ya gane abin da ake yi da lodinsa, ya yi sati bai karɓi dawa ba, ya koma wake. Daga baya yara suka yi yawa, mai mota kuma ba ya tambayar ra'ayin direba. Da ya zo nan a labarin sai ya yi shiru, wani ya sako zancen ƙwallo.

Kamfanin fulawar nan na Bompai da aka gina don alkamar Amurka, a 2017 ya buɗe injin niƙa dawa, yana fitar da garin tuwo a leda da sunan Dawavita, kusa da Masavita ta masara. A Sharaɗa kuma Dala Foods ta daɗe tana ƙulla kunun tsamiya na gari a fakiti. Mun ga garin dawar a kantunan unguwa, mun ma saya an tuƙa, ya yi laushi ba laifi. Amma iyayenmu har yanzu sun fi yarda su auno kaura da kansu, su tsince, a surfa, a wanke, a shanya, a ba yaro ya kai inji a bakin layi. Sun ce ta fi auki, kuma sun ga ƙwayar da idonsu.